Kama da wane ba ta wane: neman cajar injin huda a ƙasar Kurfai

 Duk wanda ya girma a ƙasar Kurfai ya san cewa kayan aikin iyayenmu ba su da wani sirri. In ƙotar gatari ta karye, daji ne kantinta. In bakin hauya ya cinye, maƙerin unguwa ya san maganinsa tun kafin a gama gaisuwa. Mai kaya da mai gyara duk ɗiyan gari guda ne, kuma babu abin da ɗaya ya sani wanda ɗayan ba zai iya gani da idonsa ba. Yau kuwa wasu kayan aiki sun shigo mana waɗanda cibiyarsu ke binne a ƙasashe masu nisa. Suna da sauri, suna rage wahala, amma ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace a jikinsu, sai mai sana'a ya koma ɗan kallo a gaban kayansa. Ɗaya daga cikinsu shi ne injin huda mai batir, wanda ba ya buƙatar waya, kuma ɗan ƙaramin abin da nake nufi shi ne cajarsa, wato abin da ke cika batirin da wuta.

Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan inji a 1961, amma bai zama kayan talaka ba sai bayan da batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya shigar kasuwa a 1991, ya yi araha. A wurinmu amfaninsa a fili yake. Daga Filinge zuwa Shikal, daga Tukunus zuwa ƙauyukan da ke bin Dallol Boso, yawancin wuraren da ake gini babu wutar lantarki kusa. Kafinta mai rufin tol, da mai kafa allunan hasken rana, da mai haɗa ƙofofi da tagogi, kowa na son abin da zai hau bisa da shi ba tare da jan waya ba. Shi ya sa samarinmu masu zuwa cin rani Kwatano, Abijan, Kumasi ko Libiya sukan dawo da shi cikin jaka, su ɗauke shi a matsayin jari.

Ɗan yayata yana cikin waɗannan samari. Ya koyi aikin kafinta a bakin teku, ya dawo gida da injin huda guda, da batir biyu, da caja ɗaya. A bazarar 2024 wani mai hatsi ya ba shi aikin rufin ɗakunan ajiya ukku, ya kuma ba shi rabin kuɗi tun da fari, bisa sharaɗin a gama kafin hadarin farko. Duk wanda ya san iskar da ke gaban ruwan farko a yankinmu ya san abin da take yi wa tol ɗin da ba a ɗaure da kyau ba. An rufe ɗaki guda, an shiga na biyu, sai wata maraice ya sa cajarsa a gurup ɗin wani maƙwabci. Mai ya kusa ƙarewa, injin ya yi ta hawa da sauka, cajar ta yi ƙauri ta mutu. Bayan sallar isha'i ya zo gidana da ita a hannu.

«Kawu, ga abin da ya same ni. Batiran nan biyu duk sun kusa ƙarewa, kuma kuɗin mutane na riga na sayi katako da su.»

Abin da ke gabansa ya wuce kwana biyu na zaman banza. Saurayin da ya fara sana'a ba shi da wata dukiya sai sunansa, kuma a gari kamar namu aiki guda da bai cika ba ya isa ya bi mutum shekara da shekaru. Na ce masa ya kwana, da safe mu shiga kasuwa tare.

Masu shagunan kayan waya da na hasken rana sun karɓe mu da mutunci, kowa ya buɗe kwalinsa. Batirin yaron yana da ƴar kafa zagayayya a gefe, inda ake soka bakin caja, kuma irin wannan baki ya cika duniya: yana jikin cajar kwamfuta, yana jikin ta rediyo, yana jikin ta fitila. Wani Alhaji ya ɗauko guda, ya soka, ta shiga daidai.

«Mushe, ka gani? Kamar don shi anka yi ta.»

Na ce: «Alhaji, bari mu karanta bayanta tukuna.»

A bayan kowace caja akwai rubutu ƙanana wanda mutane ba su cika dubawa ba, alhali kuwa can gaskiyarta take. Layi ɗaya yana faɗin wutar da take sha daga bango, ɗayan yana faɗin wutar da take bayarwa. Da Faransanci akan rubuta Entrée da Sortie, da Ingilishi Input da Output. Ta hannun Alhaji tana ba da bolt 19, ta kwamfuta ce. Wata da anka nuna mana a shago na gaba tana ba da 24. Shi kuwa batirin, a jikinsa an rubuta 48V da manyan haruffa. Ko ɗaya ba ta yi daidai da wannan lamba ba, har wani ya ba mu shawara mu nemi cajar bolt 48 irin ta manyan batiran hasken rana. Alhajin bai ji haushin ƙin sayenmu ba. Ya ce shi ma haka anka sayar masa, cikin buhu, ba tare da takarda ba.

Wanda ya warware mana ƙullin wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda ya fara sana'arsa tun zamanin kaset. Ya juya batirin a hannu, ya auna nauyinsa, ya yi murmushi, ya ce lambar da ke jiki ba ta dame shi ba, shi ƙwayoyin ciki zai ƙirga. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya ɗaga murfi, sai ga ƙwayoyi biyar a jere, kowace kamar ɗan yatsa mai kauri, irin waɗanda ake kira 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65.

Lissafin da ya yi mana ya kamata kowane mai saye da mai sayarwa ya riƙe shi. Ƙwayar litiyom guda tana ba da bolt 3,6 a tsakiyar aikinta, in ta cika maƙil kuma ta kai 4,2. Ƙwaya biyar a jere ke nan bolt 18 a aiki, 21 a cike. Saboda haka cajar wannan batir ita ce mai ba da bolt 21, ba ƙari ba ragi. Mai ƙwaya huɗu yana son 16,8; mai ƙwaya ukku, wanda ake rubuta wa 12V ko 10,8V, yana son 12,6. Lambobin nan na 48, 88 ko 128 da ake mannawa a jikin injuna masu araha ado ne na talla, don mai saye ya zaci ƙarfi ya saya. Ko manyan kamfanoni suna da nasu salon: batirin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne take sayarwa a Turai da sunan 18V XR, ƙwaya biyar ce a nan, biyar a can.

Daga nan sai munka gane abin da ya tsallake mu. Cajar kwamfuta mai bolt 19 ba za ta taɓa cika batirin ba, kuma ba a gina ta don ta riƙa auna wutar da take zubawa cikin ƙwayoyi ba. Mai bolt 24 za ta tura kowace ƙwaya zuwa 4,8, abin da ya wuce iyakarta nesa. In ɗan allon tsaron da ke cikin batirin bai yanke wutar ba, ƙwayar takan yi zafi, ta kumbura, ta kama wuta, kuma wutar litiyom ba ta mutuwa da sauƙi. Ta bolt 48 kuwa ba a ma maganarta. A gidajen da rumbu da zana da ɗakin kwana ke manne da juna, wannan ba asarar batir kaɗai ba ce.

Dattijon ya ƙara mana abu biyu. Na farko, a duba alamar da ke nuna wace waya ce mai kai wuta: a yawancin irin waɗannan cajoji tsakiyar baki ce ke da alamar ƙari, gefe ke da ta ragi, amma sai an tabbatar, domin in anka juya su allon tsaro na iya ƙonewa nan take. Na biyu, a duba amfer. Ya kwatanta mana da tulu da kwarya: lambar Ah da ke jikin batir ita ce girman tulu, amfer ɗin caja kuma girman kwaryar da ake zuba ruwa da ita. Batir mai 1,5 Ah da caja mai amfer 1 zai ɗauki wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Cajojin da ke zuwa da irin waɗannan injuna ba su cika wuce amfer 1 ko 2 ba, kuma neman wadda ta fi haka don sauri gajarta ran ƙwayoyi ne. Ya sa mitarsa ya auna batiran biyu, ya ce suna da rai, amma kada a ƙara matsa su: ƙwayar da ta sauka ƙasa da wajen bolt 2,5 ta kuma daɗe a haka, da wuya ta koma yadda take.

Sanin abin da ake nema rabin tafiya ne, sauran rabin kuwa yana Yamai, wajen kilomita 180 daga nan, ta Bonkuku da Balleyara da Hamdallai. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya isa ya sayi cajar, kuma halin tsaro ya sa mutum ba ya ɗaukar hanya don abin da aike zai iya yi. Muna da ɗan'uwa direba. Na rubuta masa lambobin, na aika masa hoton batirin ta WhatsApp, na roƙe shi ya shiga kasuwar Katako, inda kayan gini da kayan aiki sabbi da tsofaffi ke taruwa, kuma kada ya biya kome sai ya aiko mani hoton bayan abin.

Hotuna ukku ya aiko a yini guda, kuma kowane darasi ne. Na farko caja ce ta wani babban kamfani, mai kyau, mai nauyi, irin wadda ake zura batir a kanta. Siffar batirin yaron ta yi kama da ta wannan kamfani ƙwarai, domin masu ƙera na araha sukan kwaikwayi siffar manya. Sai dai cajar babban kamfani ba ta wadatuwa da ƙafafu biyu na ƙari da ragi: tana da wasu ƙananan ƙafafu da take jin zafin batir da su, wani lokaci har ta yi magana da ɗan allon da ke cikinsa. Batirin da ba shi da waɗannan ƙafafu, ko ya zauna daram a kanta, ba za ta ba shi wuta ba. Na biyu caja ce ta hannu, wadda ta fito daga Amurka cikin kayan gwanjo. A layin shiga an rubuta 120V 60Hz kaɗai. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce, 50Hz. Ranar da anka soka ta a bango ranar za ta mutu. Wadda anka rubuta wa 100-240V ita ce ke aiki ko'ina. Na ukku an rubuta mata 18V, har direban ya yi murna, amma a ƙasa akwai haruffa NiCd.

Wannan na ƙarshe yana son bayani, domin tsofaffin injuna irinsa suna da yawa a kasuwanninmu. Kafin litiyom, batiran injin huda na nikel da kadmiyom ne, ƙwaya guda bolt 1,2, sai an jera 15 kafin a sami 18. Tarayyar Turai ta hana sa sabbin irinsu a kasuwa don injunan hannu tun ƙarshen 2016, saboda kadmiyom guba ne. Cajar nikel tana gane cikar batir ne ta wata ƴar saukar wuta da ɗumin da ƙwayoyin ke yi in sun ƙoshi. Litiyom ba ya ba da wannan alama. Shi so yake a kai shi 4,2 a tsaya cak. In anka haɗa shi da cajar nikel, ita tana jiran alamar da ba za ta zo ba, shi kuma yana ta sha har ya wuce iyaka. Lamba guda ce a jikinsu, 18V, amma dangi daban ne. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

Rana ta biyu direban ya samo ta a wani ɗan shago: 100-240V a shiga, 21V da amfer 1 a fita, an rubuta Li-ion, tsakiya mai alamar ƙari. Ta iso cikin motar haya, a naɗe cikin leda. Ba mu soka ta a batir ba sai da dattijon ya ɗora mata mita, allura ta tsaya kan 21. Ƴar fitilarta ta yi ja, bayan awa biyu ta koma kore. An gama rufin kwana tara kafin ruwan farko, mai hatsi ya cika kuɗi, ya kuma ambaci yaron ga wani abokin cinikinsa.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina dalilin da zai sa abu mai sauƙi haka ya ci mana kwana huɗu da taimakon mutum biyar. Amsar tana wurin masu ƙerawa. Kowane babban kamfani ya yi wa batirinsa baki na kansa, domin wanda ya sayi batir da caja na gida guda ya zama nasu: gobe in zai sayi zarto ko injin goge ƙarfe, can zai koma. Batirin Makita ba ya hawa cajar DeWalt. Ko a cikin gidan Bosch, batirin 18V na shuɗayen injuna, na masu sana'a, ba ya shiga korayen, na aikin gida. Akwai masu sassautawa: Ryobi ta riƙe siffar baki guda tun 1996, kuma a 2018 kamfanin Metabo na Jamus ya haɗa kai da wasu kamfanoni kan batir guda. Tarayyar Turai ta tilasta wa masu wayar hannu baki guda, USB-C, daga 28 ga Disamba 2024, amma dokar ba ta shafi injunan huda ba. Mutumin Turai in cajarsa ta mutu, kantin kamfanin na bayan gidansa. Mu da ke ƙarshen hanya, mu ke biyan kuɗin wannan rarrabuwa da kwanakin aikinmu.

Ƙasarmu kuma tana da nata sharuɗɗa waɗanda takardar kamfani ba ta yi tunaninsu ba. Ana son a yi cajin litiyom tsakanin digiri 0 da 45, alhali a watannin Afrilu da Mayu inuwa kanta takan wuce 40 a Filinge, balle batirin da ya yini bisa tol. A bar shi ya huce a inuwa, a yi caji da sassafe ko bayan faɗuwar rana, a ƙasa ko bisa siminti, nesa da katifa da zana, kuma kada a kwana a bar shi a wuta. Ƙurar hunturu tana toshe ƙafafu da kafofin iska. Tsohon buroshin haƙori ya isa. In gurup ne, a bari ya daidaita kafin a soka caja, a cire ta kafin a kashe shi ko mai ya ƙare.

Ƴan'uwana ƴan kasuwa, ku ne ƙofar da kayan nan ke shigowa ta cikinta, daga Katako, daga Kano, daga Lome. Wanda ya saro injin huda goma, ya saro cajoji biyu ko ukku na ƙari irin nasu, domin caja ce ke fara mutuwa. Ya riƙe mitar awon wuta a shago. Kuɗinta bai kai ribar inji guda ba. Ya koyi ƙirga ƙwayoyi, ya rubuta wa mai saye gaskiyar bolt a jikin kwali da alƙalami. Kafinta ba mai saye ne na rana guda ba: zai dawo neman ƙusa, da bakin huda, da batir, kuma zai dawo ne inda anka gaya masa gaskiya. Araha ba ta ado, in anka sayar wa mutum inji marar caja, an sayar masa da doki ne ba linzami.

Ku kuma ma'aikata, masu rubuta takardun odar kaya na ma'aikatu, da na cibiyoyin koyon sana'a, da na ayyukan raya karkara, alƙalaminku yana da nauyi a nan. Sau nawa ake raba wa matasa kayan sana'a da bikin hotuna, bayan wata shida kayan na kwance don babu inda za a sami cajarsu a duk jihar Tilaberi? In kuna rubuta oda, ku sa a ciki cewa injunan duka su zama na dangin batir guda, caja ta zama mai shan bolt 220, kowane inji ya zo da batir biyu, kuma mai kawo kaya ya nuna inda ake samun caja ta canji a cikin ƙasa. Inda za a yi aiki nesa da wuta, akwai cajojin da wasu kamfanoni ke yi masu sha daga batirin mota na bolt 12. A tambaye su. Layi huɗu ne a takarda, ba su ƙara wa baitulmali nauyi, kuma su ne za su sa kayan da anka saya da kuɗin jama'a su kai shekarun da anka yi musu lissafi.

Masu koyar da sana'a su ma su sa karatun bayan caja cikin darasi, kamar yadda ake koya wa yaro riƙon zarto. Tsofaffin masu gyaran rediyo da ke garuruwanmu suna da wannan ilimi, kuma ba za su dawwama ba. A kai musu yara tun suna nan. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya kai mu damina lafiya.